Baba Bai Ƙara Busa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu ranar Talata bayan azahar a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, washegari da safe aka yi masa sutura aka kai shi makwancinsa. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba. Abin da kunnuwana suka ji a wajen zaman makoki ne ya sa ni ɗaukar biro, kuma gara in faɗa tun yanzu, da fushi nake wannan rubutu.

Gidanmu na Cheras hawa na sha ɗaya ne, ɗaki biyu da falo, amma ranar sai da takalma suka kai bakin lif. Ɗalibai 'yan'uwana masu neman digiri na uku sun zo da matansu, abokan kasuwancin Yaya, babban wanmu, su ma sun rufe shaguna sun zo. Ban raina zuwansu ba, Allah ya ba su lada. Sai dai kowa ya durƙusa ya ce Allah ya jiƙan Baba, sai ya rage murya ya ƙara da cewa Allah kuma ya yafe masa wancan abin. Wata ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, wai tsufa ne, tsoho yaro ne, ba a kama shi da laifi. Wani mai karatun injiniya, wanda ya sha cin tuwo a gidan nan, ya girgiza kai ya ce, "Baba was a good man wallahi, sai dai issue ɗin nan na rantsuwa." Mutum ya tsallako teku don ya koyi bincike, amma abin da ke ɗakin da yake zaune bai taɓa tambaya a kansa ba.

Ranar uku Yaya ya miƙe a gaban jama'a ya yi sanarwa. Ya ce ranar bakwai zai ciyar da miskinai goma, kaffarar rantsuwar da Baba ya karya, don kada tsoho ya kwanta da nauyi a wuyansa. Har ya riga ya yi magana da mamak ɗin da ke ƙasan gidanmu, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, za su ƙunsa shinkafa goma. Falo ya ɗauka da sa albarka, ana cewa ɗa na gari ke nan. Ni ina bayan labule ina jin kamar an zuba mini garwashi a ƙirji. Idan abincin nan ya fita da sunan kaffara, an gama: daga nan har Kaduna za a san Baba a matsayin tsohon da ya rantse da Allah ya saɓa, kuma ɗansa na fari ne ya buga hatimin.

Ga yadda rantsuwar ta kasance, don ina wajen. Baba soja ne, ɗan badujala. Shekara talatin da wani abu yana busa algaitar nan ta Turawa mai salka a hammata, wadda ake hura wa iska da baki ana tafiya ana buga ƙafa. Da ya yi ritaya bai ajiye ta ba, makarantu na gayyatarsa faretin yara. A filin wata makaranta a Kaduna ya yanke jiki ya faɗi. Likita ya ce huhunsa ya gaji, in ya ci gaba da busa shi ya sani. Yaya, wanda tun yana ƙarami ba ya son a ce masa ɗan mai busa, ya ga dama ta samu. Ya taso takanas daga nan Kuala Lumpur ya zo bakin gado da Alƙur'ani ya ce ba zai tashi ba sai Baba ya yi alkawari. Baba ya kalli silin ya ce, "Wallahi ba zan ƙara busa ba." Kalmomin ke nan, ba ragi ba ƙari. Bai ce kiɗa ba, bai ce algaita ba. A satin ya kyautar da kayansa duka.

Baba mutum ne da ke cewa magana zarar bunu ce, kuma ba a baki kawai yake faɗa ba. Shekara biyu bai taɓa wani abin kiɗa ba. Yatsunsa dai ba su ji rantsuwar ba: a kan gwiwarsa, a gefen faranti, a hannun kujera, kullum suna tashi suna sauka. Inna ta riga ta rasu, ni kuma na samu gurbin karatu a nan, sai muka taho tare, yana ganin likitan ƙirji yana kuma zama muharramina. Yaya dama ya daɗe a garin, yana da shagon abaya da yaduka a wajen Masjid India.

A layin ganin likita abin ya faro. Na ba shi wayata yana kallon faretin badujala don ya rage zaman jira, bidiyo ya ƙare wani ya biyo baya. Wani tsohon Bature ne a zaune a kujera, salka a hammatar hagu, sauti na fita mai daɗi kamar kukan wanda ke jin kunyar a ji shi, bakinsa kuwa a rufe. Can ma sai ya juya yana yi wa na kusa da shi magana, kiɗan bai tsaya ba. Baba ya ce in mayar da shi baya. Sau uku ina mayarwa. Sannan ya nuna wani abu da ke ɗaure a ƙugun mutumin, ƙarƙashin gwiwar hannun dama, yana buɗewa yana rufewa.

"Auta, wannan maƙeri ne ko makaɗi? Ai zugazugi ne a hammatarsa."

Zugazugi ne kuwa. Algaitar mutanen Ailan ce, da gwiwar hannu ake zuga mata iska, babu inda baki ke taɓawa. Muka hau jirgin ƙasa muka dawo Cheras. Da muka shiga gida ya zauna ya ce in bincika masa yadda mai farawa yake farawa.

Na bincika. Mai koyo ba ya sayen babbar mai tarin bututu. Abu uku ake fara masa da su, zugazugi da salka da sandar da ke da ramukan yatsu. Muka aika wa wani mai ƙera su a can, muka yi kusan shekara muna jira, Baba na cewa ko raƙumi aka ɗora wa da ya iso. Na sayo littafin koyo na Turanci, na tara masa bidiyoyi. Ranar da kayan suka iso ya ɗaura su yana taƙama, wai shi da ya yi wa gwamnoni busa, sati ɗaya ya ishe shi. Sautin farko da ya fito, in ka ji sai ka ce akuya aka take wa wutsiya. Na yi dariya har da hawaye, ya ce in fita masa daga ɗaki.

Da littafin ya fara faɗa. Ina fassara masa yana musu da marubucin kamar yana gabansa, wai wannan bai taɓa koyar da mai furfura ba, shafi na biyu ya kai ka inda sai ka yi wata uku ba ka isa ba. Bidiyo kuma ya ce malami ne makaho: yana yi maka bayani, ba ya ganin ɓarnar da kake yi. Da ƙyar na samo masa wata dattijuwa 'yar can mai koyarwa ta waya, fuska da fuska. Bayan la'asar ɗinmu hantsinsu ne, sai in jingina waya a jikin fulas in zauna ina tafinta. Malama yake ce mata. A darasin farko ta kalle shi minti biyu ta ce ya manta duk abin da ya sani, yana zuga iska da bugun waƙa kamar mai maci, kuma yana danna ramuka da kan yatsa maimakon cikinsa. Ta ba shi aiki: sauti ɗaya tak, ya riƙe shi kada ya yi rawa, kullum, har wata guda. Baba ya ce in gaya mata lokacin da ya fara busa ko tatata ba ta fara ba. Ban fassara ba, amma ta gane daga fuskarsa. Kwana uku yana fushi. A na huɗu ya ɗaura zugazugi da kansa ya ce gemu ba ya hana ilimi, in kira masa Malama.

A cikin sandar akwai wani ɗan siririn gora mai leɓe biyu, shi ke ba da sauti. Baba harshe yake ce masa, kuma shi ne babban abokin gabarsa a garin nan da ruwa ke sauka kusan kowace yamma. In an yi ruwa harshe ya sha danshi ya ƙi magana, in an kunna na'urar sanyaya ɗaki ya bushe ya kama tsuwa. Baba kan tsaya a taga yana yi wa hadari faɗa kamar ɗan haya. Wata rana harshen ya ƙi sam, Malama ta ce ya ciro shi ya ɗora a leɓensa ya zuƙi iska kaɗan, ta haka ake gane lafiyarsa. Na fassara, na ƙara da cewa ai zuƙa ce, ba busa ba ce. Baba ya riƙe abin a tafin hannunsa yana kallo, sannan ya miƙo mini.

"Ke zuƙa. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Daga ranar ni ke gwada masa harshe. Wannan shi ne mutumin da aka taru a falona ana nema wa gafarar karya rantsuwa.

Da hannunsa ya fara faɗawa, sai ya sa na sayo masa littafin rubutu mai bangon kwali, ya shiga rubuta nasa littafin koyo da Hausa. Yana nan a gabana. Darasi na ɗaya ya rubuta: zauna, wannan algaita ba ta son soja, a zaune ake yi mata ladabi. Wani wuri ya ce gwiwar dama maƙeriya ce, ta hagu makaɗiya, kada ɗaya ta shiga aikin ɗaya. Wani wuri kuma: salka ita ce huhunka yanzu, kada ka bar ta da yunwa, kada kuma ka cika mata ciki. Ya zana hannu da ramuka takwas, zanen kamar na ɗan firamare. Na tsokane shi na ce wane Bahaushe ne zai koyi algaitar Ailan, sai ya lissafa mini abokan aikinsa na badujala da ƙirji ya kayar, suna zaune a ƙofar gida a Kaduna da Zariya yatsunsu na motsi a banza. Ya ce ko mutum ɗaya ya samu, kada ya sha wahalar Turancin da shi ya sha. Lokacin da malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na uku karo na uku, na shigo ina kuka na ce na haƙura da digirin, Baba bai ba ni haƙuri ba. Ya buɗe littafinsa ya nuna mini shafin da ya yage ya sake sau biyar, ya ce in je in yi tapau, wato in sayo mana shayi mai madara a leda, mu sha, gobe kowa ya koma kan babinsa.

Yaya kuwa, wata Asabar ya zo da ledar mangwaro. Yana fitowa daga lif ya ji sauti. Ya ajiye ledar a ƙofa ya juya, ko sallama bai yi ba. Kafin magariba ya kira ni yana huci, wai abin da ya ji gaskiya ne? Na ce gaskiya ne, amma ba busawa ake yi ba, da gwiwar hannu ake ba ta iska. Ya ce kada in raina masa hankali, a ina aka taɓa yin algaitar da ba a busawa. Na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya ce ba zai tsaya yana kallon mahaifinsa yana saɓa wa Allah ba, ya kashe waya. Na sake gwadawa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, da na ɗauko zancen sai ya ce in ba ni da wata magana sai an jima.

Na koma wajen Baba na ce shi ya kira shi ya faɗa masa da bakinsa. Nan na ci karo da wani bangon. Baba mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ya kama sunan Yaya ba, wancan yake ce masa, kuma ba ya haɗa ido da shi. Ya ce shi zai zauna ya yi wa wancan bayanin kansa? Wanda ya ji da kunne ya yanke hukunci, a bar shi da hukuncinsa. Shekara uku aka yi a haka. Tsakanin gidanmu da shagon Yaya tafiyar jirgin ƙasa ce da ba ta kai awa ba. Ranar Juma'a sukan haɗu a masallaci, Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa yana kallon gefe, kowa ya kama hanyarsa. Ba zan yi wa Yaya ƙarya ba, magani bai taɓa yankewa ba, asibiti bai taɓa fashin zuwa ba. Gidan ne dai bai ƙara takawa ba sai ranar da aka shimfiɗa tabarmar makoki.

Shi ma Baba ina fushi da shi, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. A kwanakinsa na ƙarshe a asibiti, Yaya na zaune a gefe ɗaya na gado yana jan carbi, Baba na kallon ɗaya gefen. Da Yaya ya fita alwala na sunkuya na roƙe shi ya faɗi jimla ɗaya kawai. Ya ce Allah ya sani. Na ce Allah ya sani, amma Yaya bai sani ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce bakina irin na Inna ne. Bai faɗa ba. Kunya abu ce mai kyau, an koya mana, amma wannan kunyar ta cinye wa mutum biyu shekara uku, ta bar ni ni kaɗai da gaskiyar a hannu.

Ranar bakwai da hantsi aka hawo da ƙunshin shinkafa goma aka jera a bakin ƙofa. Maza sun cika falo, an yi addu'a an shafa. Yaya ya gyara murya zai ce a ɗauka, sai na ɗaga labule na fito da kayan Baba a hannuna. Na ji ana ƙus-ƙus, wata daga ciki tana jan mayafina. Na tsallake ƙafafun mutane na ajiye zugazugi da salka da sanda a kan tabarma a gaban Yaya.

"Yaya, kafin abincin nan ya fita, nuna wa jama'a inda ake sa baki."

Ya ce wannan wane irin rashin ta-ido ne, a gidan makoki. Na ce ba kiɗa na ce ya yi ba, wurin sa baki kawai zai nuna, in ya nuna ni da kaina zan sauka da abincin. Wani dattijo daga cikin 'yan kasuwa ya ce ya duba mana, ai ba wani abu ba ne. Yaya ya ɗauki salkar da yatsa biyu kamar abin ƙazanta. Ya juya ta. Ya bi bututun da ya fito daga cikinta, ya tarar ya shiga zugazugi. Ya bi ɗaya wuyan, ya tarar da sanda. Ya ɗaga sandar ya leƙa ƙasanta, na ce nan ne ake ɗorawa a kan cinya. Ya sake juyawa, yanzu da hannu biyu. Injiniyan nan ya matso ya karɓa ya dudduba, ya ce cikin sanyin murya, "Babu fa, Alhaji. Ba ta da wajen baki at all."

Yaya ya jawo zugazugin ya zare bututun, ya buɗe shi ya matse. Iska ta fito ta bugi tafin hannunsa. Ya sake matsewa. Kansa a sunkuye ya ce a sauka da abincin, sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin Baba. Kalmar kaffara ba wanda ya ƙara furta ta.

Kafin a kai ƙunshi na ƙarshe lif, bakunan sun juya. Wadda ta ce tsufa ne ita ce ta fara cewa ai dama ita ta san Baba ba zai yi haka ba. Wani ya ce shi tun farko abin bai kwanta masa ba. Wannan ya fi na farkon ƙona mini rai, na kwashe kayan na koma ciki kafin in faɗi abin da zai sa a daina gaishe ni.

Da kowa ya watse Yaya bai tafi ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba, ya kasa shiga. Ya tambaye ni ko Baba ya taɓa cewa wani abu a kansa. Da na so da na ce a'a kawai in tsaya nan, ya tafi da sauƙi. Ban so ba. Na ce masa bai taɓa cewa komai ba, amma tun daga ranar mangwaron, kowace Asabar sai ya ce zafi yake ji, ya sa in wangale ƙofar gida, ya jawo kujerarsa tsakiyar falo ya fuskanci waje, ya yi ta kaɗa algaitarsa har la'asar, yadda duk wanda ya fito daga lif fuskarsa zai fara gani. Yaya ya dafa bango ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Auta, ki yafe mini."

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi numfashin da ba ya yankewa a gidan da ba a tari. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Ni ma a sa ni, Allah ya sanyaya mini zuciya, don yau kwana ashirin ke nan Yaya na kira safe da yamma, ina ɗauka muna gaisawa, amma har yanzu bakina ya kasa ce masa ba komai.